Masauki Kyauta Kusa da Asibiti

Ni na ce mu tafi. Gara in faɗa tun yanzu don kada a ɗora wa Malam laifin da ba nasa ba, nasa ma ya ishe shi.

Shekara talatin da shida ina auren malamin Larabci na sakandare, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa dafa abincin mutum biyu ba. Ranar da na tare na tarar da ƙannensa uku a gidan. Suka girma suka kama gabansu, 'ya'yan yayyensa suka maye gurbi. Namu huɗu suka zo, su ma suka tafi, amma tukunya ko alama ba ta ragu ba, don Malam mutum ne da in ya ji sallama a ƙofa sai fuskarsa ta yi haske kamar an kawo wuta. Wanda ya shigo gari neman aiki, gidan Malam. Mai shari'a a kotu, gidan Malam. Har wani da mota ta mace masa a bakin titinmu ya taɓa yin kwana biyu, ya tafi da tawul ɗina.

Da ya yi ritaya na ce alhamdulillahi, yanzu jama'a za su ji nauyi su rage. Ina! Cewa suka yi ai yanzu ne ma yake da lokacinsu. Fansho kuwa kun san halinsa, shigarsa da fitarsa duk rana ɗaya.

Mijin 'yarmu ta biyu, wanda ke zuwa saro kaya wata ƙasar Larabawa, shi ya ɓaro zancen muna hira. Ya ce a can fansho irin na Baba zai biya haya, ya ci da mutum biyu, har a ga likita a yi canji. Kowa ya yi dariya aka wuce, ni kuwa maganar ta zauna min daram. Ba arahar burodi na hango ba, nisa na hango. Ba mai faɗo maka da rana tsaka daga tashar mota in akwai biza da jirgin sama a tsakaninku. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in huta da girkin taro, in zauna da mutumin nan mu biyu rak, kafin a fitar da ɗayanmu a makara.

Na san in na ce masa haka ba zai tafi ba, sai na bi ta inda yake da rauni.

"Malam, shekara talatin kana koya wa 'ya'yan mutane Larabci, ka taɓa sayen ko tumatir da shi?"

Bayan kwana uku sai ga shi ya fito da fasfo yana kaɗe masa ƙura.

Yayarsa, wadda duk dangi ke ce wa Yaya Babba, ta yi tsalle ta dire. Har yau "amarya" take kirana, kamar dai ba a gama gwada ni ba.

"Amarya, na san ke kika kitsa wannan. Ki ɗauke min auta da tsufansa ki kai shi uwa duniya? Wata uku na ba ku. Za ku dawo da akwati a ka."

Na ce, "Allah ya kai mu, Yaya." A raina kuwa na rubuta na ajiye.

Da muka sauka a ƙasar, dillalin gidaje ya yi ta yawo da mu. Malam ya saki Larabcinsa na littafi, dillali ya tsaya yana kallonsa da ladabi kamar mai sauraron huɗuba, sannan ya juyo ya yi min nuni da yatsu, muka fahimci juna. Ɗaki da falo muka je nema. Ya kai mu hawa na uku a wani bene, ya buɗe ƙofa: falo har falo, ɗakuna huɗu, kowanne da gadonsa da katifarsa, ga baranda. Da ya faɗi hayar sai da Malam ya sa ya maimaita, don a gida ko shago ba za a ba ka a haka ba.

"Manaja," in ji Malam, haka yake kirana in yana jin daɗi, "a bar araha irin wannan haka kawai? Ai alhaki ne."

Ni ma wallahi labulen falon ya riga ya tafi da ni. Muka karɓi mukulli.

A ƙasan benen akwai gidan burodi, gefensa kantin magani, gaba kaɗan mai kayan miya. Tsallaken titi kuma wani ƙaton asibiti ne fari tas, hawa goma, da ban ko ƙara masa kallo ba. Na sayi 'yar tukunya wadda a gida sai dai a tafasa wa jariri ruwa a ciki. In la'asar ta yi sai mu fitar da kujeru baranda, Malam ya ɓare lemo ya miƙo min rabi. A nan na gano ashe mijina ya iya barkwanci. Ashe yana yaro ya taɓa faɗawa randa garin satar kallon kansa. Shekara talatin da shida, ban taɓa jin labarin ba, don duk sanda zai fara wani zai yi sallama. Na yi ƙiba, na yi haske, har barcin rana na koya.

Ranar da muka cika wata uku cif na tashi da maganar Yaya Babba a kunnena. Da na yi shiru da bakina, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ni ba a ci min fuska in bar ta ta kwana. Na share gida, na ci kwalliya, na ɗauki waya na fara ɗaukar bidiyo ina zagayawa ina bayani.

"To jama'a, ga mu da akwatinmu a ka. Wannan ɗakinmu ne. Wannan ba kowa. Wannan ma ba kowa. Wannan kuwa mun rasa ma abin da za mu yi da shi, gado na ta kuka ba mai kwanciya."

Na fita baranda na haska titi, na haska asibitin tun daga ƙasa har sama.

"Likita kuwa, ko tari ka yi daga nan zai jiyo."

Na tura gurup ɗin dangi, mai mutum ɗari da wani abu, na zauna ina jiran Yaya Babba ta ƙone. Kwana biyu ba ta ce uffan ba. A na uku sai ga saƙon murya, cikin wani irin taushin murya da ban san tana da shi ba.

"Masha Allah, amaryarmu ta kanmu. Gida ya yi kyau. Wai wannan asibitin suna duba ido kuwa?"

Ta iso da 'yarta mai jinya, da jikarta mai jinyar mai jinya. Mako bakwai suka yi. Aka cire mata yanar ido, kuma abu na farko da ta gani da sabon idon shi ne ƙura a saman firjina. Kafin ta tafi, surukin maƙwabcinta mai ciwon ƙoda ya sauka. Shi bai tafi ba sai ga wani mai sayar da taya mai ciwon ƙashin baya, wai shi abokin ƙanin Malam ne. Daga nan na daina tambayar dangantaka.

Larabcin da bai sayi tumatir ba, ashe a asibiti ne kasuwarsa take. Likitoci suna ganin dattijo yana zuba musu Larabcin littafi sai su miƙe su ba shi kujera. Malam ya zama tafinta, ya zama mai bin layi, ya zama mai karɓo sakamakon gwaji. Ya sayi jaka mai rataya da wani littafi da yake rubuta ranar ganin likitan kowa. Da sassafe zai fice yana tafe yana sauri kamar an mayar masa da shekara ashirin. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin haka ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Baƙin gida ko ba komai lafiyarsu ƙalau, wata ta kama miki wanke-wanke, wani a aike shi. Waɗannan kuwa kowa da dokarsa a takarda. Wannan ba gishiri, wancan ba sukari, wannan ba mai, na ƙuryar ɗaki sai mai ruwa-ruwa. Na gudo daga tukunya ɗaya na faɗo kan huɗu. Mai gidan burodi yana hango ni zai fara cika leda. Mai gadin benen ya ɗauka otal muka buɗe. Direbobin tasi na filin jirgi kuwa, da sun ga mai kama da mu yana ɗingishi ba sa ma tambaya, sai ƙofarmu. Sun taɓa kawo mana wani bawan Allah da ko harshenmu ba ya ji. Kwana tara ya yi muna gaisawa da hannu.

Wata rana na tare Malam a bakin banɗaki, don nan ne kawai ake samunsa shi kaɗai.

"Malam, wai me muka zo yi ƙasar nan?"

"Haba Manaja. Marasa lafiya ne fa. In na ce a'a, ina za su nufa?"

"Inda mutane ke nufa! Garin nan ba otal ne?"

"Kina da gado ba kowa a kai, ki tura ɗan'uwanki otal da ledar fitsari a hannu?" Ya gyara ratayar jakarsa, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kuma ai ba ni na nuna musu ɗakunan ba."

Na juya na koma kicin.

Lif ɗin benen ya lalace, aka ce ana jiran wani ƙarfe. Ni ce hawa, ni ce sauka, kasuwa sau biyu a rana da leda a kowane hannu. Gwiwata ta dama ta kumbura, ta fara ƙara in na tanƙwara ta. Na ce Malam ya tsallaka da ni titi a duba min. Ya buɗe littafinsa ya bi da yatsa.

"Litinin mai ƙoda. Talata hoton mai taya. Laraba mutum biyu ne ma. Ki bari mako mai zuwa, in sha Allahu. Ke ai kina gida, ba gudu za ki yi ba."

Mako mai zuwa ya yi wata huɗu bai zo ba. Daga tagar kicin ina kallon asibitin, ina shafa man zafi.

Da autarmu ta haihu na samu hanya. Na ce zan je in ga jika, mako biyu in dawo. Na sauka, na yi barka, na wuce gidanmu da muka rufe muka bari. Na buɗe na share ɗaki ɗaya na kwanta. Kwana ɗaya, biyu, mako, ko kaza ba ta leƙo ba. To wa zai zo? Kowa ya san Malam ba ya nan, masu nemansa kuma duk suna can suna bin layin biza. Hutun da na ƙetare ƙasashe ina nema, ga shi a gidana yana jirana, ba haya ba dillali.

Mako biyu ya zama wata uku. Na yi barci har ya gundure ni. Amma in faɗa muku gaskiya, abinci ba ya wuce min. Sai in zuba in zauna ina juya cokali. In na kira Malam, kafin mu gama gaisawa zan jiyo ana "Malam! Malam!" daga bayansa, ya ce zai kira, ba zai kira ba. Na yi kewarsa, kewa mai ciwo, har na riƙa jin haushin kaina. Ba don in zauna ni kaɗai kamar mayya na tayar da tafiyar nan ba.

Na shirya na tafi wani ofishin tafiye-tafiye da ke bayan kasuwa in yanki tikitin komawa. Mai wurin wani ƙosasshen mutum ne mai ƙamshin turare, bai san ni ba. Yana ganin yadda na ja ƙafa na zauna, ya ture takardun gabansa.

"Hajiya, gwiwa ce ko? Allah ne ya kawo ki. Dubi nan."

Ya nuna bango. Wata ƙatuwar takardar talla ce, an rubuta da jan rubutu: MASAUKI KYAUTA KUSA DA ASIBITI. A ƙasa ga hoton baranda. Barandata. Ga kujerunmu biyu, ga gefen labulena, daga bidiyona aka ciro.

"Wani bawan Allah ne malami," in ji shi. "Shi zai tarbe ki a filin jirgi, ya yi miki tafinta, ci da sha duk a gidansa. Ke dai namu kawai za ki biya. Matarsa ta iya girki, sai dai an ce akwai baki. Amma kin taki sa'a, yanzu ba ta nan."

"To wa ke girkin?"

"Shi malamin da kansa. Ana dai ci."

Na cika ƙirjina da iska. Na yi niyyar in sauke masa rufin ofishin nan a ka, in yaga takardar, in tara masa 'yan kasuwa. Bai lura ba, ya ci gaba da tallarsa.

"Kuma dokar gidan, mara lafiya ko tsinke ba ya ɗagawa. Kwanciya kawai, sai a kawo miki har gado. Ranar ganin likita kuwa tun kafin ki tashi daga nan an rubuta ta."

Na saki iskar a hankali. Na dubi hoton, na dubi gwiwata.

"Rubuta ni," na ce.

A filin jirgi na hango shi tun daga nesa, yana riƙe da kwali an rubuta MAI GWIWA. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga tabon mai a gaba. Da ya gan ni ya washe baki.

"Manaja! Shi ne ba ko waya? Kai, alhamdulillahi! Ɗan tsaya nan, wata baiwar Allah nake jira mai ciwon gwiwa, sai mu tafi tare."

"Ga ta nan."

Na miƙa masa takardar ofishin. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya fara dariya, ya ɗago ya ga ni ba dariyar nake ba, sai ya haɗiye sauran. Ya naɗe kwalin ya sa a hammata, ya sunkuya ya ɗauki jakata.

A matakalar bene ya riƙe min hannu. Taka ɗaya, mu tsaya. "A hankali. Sannu. Dafa ni sosai." Ashe haka yake musu. Ashe akwai wannan muryar a bakinsa, ni ce dai ban taɓa biyo ta hanyar da ake samunta ba.

Mutum tara na tarar a gidan. Matan da ke falo suka ɗau shewa.

"Oyoyo! Mai gida ta dawo! Wayyo, mun huta da shinkafar Malam!"

"Jinya na zo," na ce. "Wane ɗaki aka ba mai gwiwa?"

Na wuce ƙofar kicin ban ko waiga ba, na shiga ƙaramin ɗakin da ke ƙarshe, na hau gado na miƙe ƙafa.

Washegari da hantsi muka tsallaka titi. Ba layi, ba jira, tun mako biyu da suka wuce ranar take rubuce a littafinsa. Likita ya ɗaga hoton gwiwar a fitila, ya girgiza kai, ya yi magana mai tsawo. Malam ya saurara, ya yi gyaran murya.

"Ya ce sai an yi aiki."

Ya manta shekara guda na yi ina ciniki a kasuwar garin nan. Na ji abin da likitan ya fara faɗa sarai: da an kawo ta da wuri, allura ta isa. Wannan ne bai fassara ba. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana ta gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi. A hanyar dawowa ya riƙe hannuna har gida.

Da yamma ya turo ƙofa da tire. Ya ajiye min a kan gado, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango yana haki. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne, wani ya warke, wani ɗanye.

"Manaja," ya ce, "ashe haka tsayuwar nan take cin ƙafa."

"Haka aka ce."

"Na kira mai ofishin nan. Na ce ya cire takardar."

"Ya cire?"

"Ya ce akwai mutum shida da suka riga suka biya."

Na kusa dariya, na kusa kuka, ban yi ko ɗaya ba. Muka zauna, ni a sama shi a ƙasa. Ba a yi minti biyar ba ƙauri ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, wata ta ƙwala kira daga falo.

"Malam! Abu na kamawa fa!"

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Wai don Allah, shinkafar mutum goma, ruwa kamar yaya ake zuba mata?"

Tausayinsa ya kama ni. Tsoho ɗan shekara sittin da bakwai, da hannu duk ƙuna. Ina son mutumin nan, ban taɓa daina sonsa ba. Kafin in ankara ƙafata mai lafiya ta sauka ƙasa tana laluben silifa. Na san in na taka kicin ɗin nan yau, to na taka ke nan har ranar da za a ɗauke ni.

Na kama ƙafar da hannu biyu na mayar kan gado.

"Ni baƙuwa ce, Malam. A tambayi matar gidan."

Ya daɗe a tsaye yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai, ya ja min ƙofar a hankali. Ina jin ƙarar kankarar tukunya na jawo tiren. Shinkafar da tsakiya, miyar ba gishiri, da alama ta mai ƙoda ce ya zubo min. Hawaye na zuba na cinye ta tas, na ajiye kwanon a bakin ƙofa don a zo a ɗauka.